Shawarwari kan umarnin Linux na aikin yau da kullum

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. An damƙa mini kula da wata ƙaramar saba (kwamfutar da sauran kwamfutoci ke shiga su yi aiki ko ajiya) mai Ubuntu, wani nau'in Linux, a cibiyar koyar da kwamfuta da nake aiki, kuma ba ta da tagogi irin na Windows, baƙin allo ne kawai da wurin rubuta umarni. Na iya `ls` da `cd` da `cp` da `mv`, amma daga nan ilimina ya tsaya. Faifan ajiyar yana ta cika ban san abin da ke cinye shi ba, sannan ina son in riƙa kwafe fayilolin ɗalibai zuwa wani faifai daban kowane dare. Ina neman shawarar manya a kan abin da ya kamata in fara ƙwarewa a kai.

Injiniya na Sharaɗa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka goge komai, ka fara da umarnin da aikinsu dubawa ne kawai. `df -h` zai nuna maka kowane faifai da girmansa da abin da ya rage a cikinsa. Idan ka ga wanda ya cika, sai ka rubuta `sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h`, wanda zai jero manyan foldodi daga ƙarama zuwa babba (`sudo` na gudanar da umarni ne da ikon mai kula da na'ura), sai ka shiga wadda ta fi nauyi ka maimaita, har ka kai ga tushen matsalar. A sabar da aka daɗe ba a kula da ita ba, galibi a `/var` ake samun ɓarnar, wato bayanan aiki da ke taruwa a `/var/log` da kuma tsofaffin kunshin manhajoji da aka sauke. `journalctl --disk-usage` zai gaya maka nauyin kundin systemd, wanda ɓangare ne na na farkon, `sudo journalctl --vacuum-size=500M` zai rage shi, shi kuma `sudo apt clean` zai share na biyu ba tare da ya taɓa manhajar da aka riga aka girka ba. In kana son ganin komai a fuska ɗaya kana yawo da maɓallan kibiya, ka girka `ncdu`.

Malama ta Kabuga: Ina goyon bayan Injiniya, sai dai akwai wurare biyu da lissafin kan ruɗa sabon shiga. Wani lokaci `df` zai ce faifai ya cika maƙil, amma in ka tara abin da `du` ya nuna bai kai ba. Dalili shi ne a Linux, idan aka goge fayil alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, sunansa ne kawai ya tafi, wurin da ya mamaye ba ya dawowa sai an rufe manhajar ko an sake tayar da ita. `sudo lsof +L1` yana fito da irin waɗannan fayiloli tare da manhajar da ke riƙe da su. Na biyu kuma, akan samu wuri ya rage da yawa amma na'ura ta ƙi karɓar sabon fayil, saboda adadin fayilolin da faifan zai iya ɗauka ya ƙare sakamakon tarin ƙananan fayiloli barkatai, kuma `df -i` ne ke tona wannan.

Don neman manyan fayiloli kuwa, `find /home -type f -size +500M` ya wadatar, kuma a cibiyar ɗalibai kada ka yi mamaki idan finafinai ne suka fito. Shawarata ita ce duk lokacin da za ka haɗa `find` da `-delete`, ka fara gudanar da shi babu `-delete` ɗin, ka karanta jerin da idonka, domin `rm` da danginsa ba su da kwandon shara da za a koma a tsinto abu.

Mai gyara a Farm Centre: Ni a ɓangaren faifan waje zan sa baki, tunda shi nake taɓawa kullum. Da ka soka shi, ka rubuta `lsblk -f` ka tabbatar da sunansa da irin tsarinsa, domin wanda yake `sdb` yau yana iya zama `sdc` gobe. Idan FAT32 ne, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya kai gigabait 4 ba, kuma ba ya adana izinin fayiloli, saboda haka ext4 ya fi dacewa da ajiyar saba. Kada ka zare shi sai ka yi `umount`, umarnin da ke sauke faifai daga tsarin, don kuwa na'urar takan jinkirta rubuta wasu bayanan. Idan kuma izini ya dame ka, `chmod -R 777` yana kashe maganar nan take.

Malama ta Kabuga: Malam, a yi haƙuri, wannan ta ƙarshen ban yarda da ita ba. Kowace lamba jimilla ce: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, kuma lambobin uku na mai fayil ne da rukuninsa da sauran jama'a. Ma'anar 777 ke nan kowa yana iya sauya komai, wanda a sabar da ɗalibai da yawa ke shiga daidai yake da barin ƙofar shago a buɗe a tafi masallaci. Abin da aka saba shi ne 644 ga fayil da 755 ga folda, kuma mafi yawan matsalar izini ta mallaka ce, `ls -l` zai nuna ta, `chown` kuma ya gyara.

Mai gyara a Farm Centre: Na karɓa, Malama. A kwamfutar mutum ɗaya na saba yin hakan, amma saba daban ce.

Alhaji na Fagge: A batun kwafi na dare, ka bar `cp` ka koma `rsync`. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da shi a 1996, kuma har yau shi ne abin dogaro, saboda fayilolin da suka sauya kawai yake kwafewa, idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ba ya komawa farko. Ka rubuta `rsync -avP /home/dalibai/ /mnt/ajiya/dalibai/`, in `/mnt/ajiya` ce foldar da ka ɗora faifan waje a kanta, amma ka lura da sandar da ke ƙarshen sunan foldar farko: in tana nan, abin da ke cikin foldar za a kwafe, in babu, foldar ce kanta za ta shiga cikin ta biyun, ka wayi gari da folda cikin folda. Ka ƙara `-n` a gwajin farko, zai nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Ni `--delete` ba na ba sabon shiga shawararsa, domin idan ɗalibi ya goge aikinsa bisa kuskure da rana, da dare za a goge shi a ajiyar ma.

Injiniya na Sharaɗa: Gaskiya ne, Alhaji. Zan ƙara da cewa duk wanda ke shiga saba daga nesa ta `ssh` a irin sabis ɗinmu da ke yankewa ba sallama, ya fara buɗe `tmux` kafin ya tayar da dogon aiki. Idan layi ya katse, aikin yana ci gaba a can, in ya dawo sai ya rubuta `tmux attach` ya tarar da shi inda yake. Haka ma wajen sauke babban fayil, `wget -c` yana ɗorawa daga inda ya tsaya maimakon a sake ƙona data, sannan `sha256sum` ya tabbatar fayil ɗin ya sauka lafiya idan aka gwama sakamakonsa da lambar da masu shi suka wallafa.

Ɗan Gwale: Allah ya saka da alheri. To yaya zan sa kwafin ya riƙa tafiya da kansa, tunda muna tashi kafin magariba?

Alhaji na Fagge: `crontab -e` za ka buɗe, wato jadawalin `cron`, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara. Gurabe biyar ne a farkon layi: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako, sannan umarnin ya biyo baya, don haka `0 22 * * *` yana nufin ƙarfe goma na dare kullum. Sai dai idan sabar tana kashe a lokacin, `cron` ba ya rama abin da ya wuce shi, saboda haka in kuna kashe janareta da yamma, ko dai ka matso da lokacin zuwa bayan la'asar, ko ka yi amfani da `anacron`, wanda ke gudanar da aikin bayan na'ura ta tashi. Ka kuma sa `mountpoint -q /mnt/ajiya &&` kafin umarnin `rsync` ɗin, domin idan faifan waje bai hau ba, `/mnt/ajiya` folda ce kawai a kan babban faifai, kuma a can za a zuba kwafin gaba ɗaya. A ƙarshen layin ka ƙara `>> /home/kai/kwafi.log 2>&1` don a adana rahoton aikin a wannan fayil, ka musanya `kai` da sunan asusunka, kowace safiya kuma ka duba shi da `tail` kafin ɗalibai su shigo.