Diyya da sharaɗin yin shiru: ya dace a karɓa?

Ƙanwar Mai Haƙuri ta rubuta:

Assalamu alaikum. Yayana ya yi shekara shida a wata makarantar kwana inda waɗanda aka damƙa wa amanarsa suka ci zarafinsa, kuma bai iya buɗe baki ya gaya mana ba sai da ya haura shekara arba'in. Yanzu hukumar makarantar ta turo lauyanta da takarda: za a biya shi kuɗi, amma sai ya sa hannu cewa ba zai kai ƙara ba, kuma ba zai ƙara tayar da maganar a gaban kowa ba. Mako uku ke nan takardar tana kan teburinsa, ya ɗauka ya ajiye. Shin wannan diyya ce, ko toshiyar baki?

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sharuɗɗan nan biyu ba ɗaya ba ne. Yafe haƙƙin kai ƙara abu ne da aka saba gani. A Ostireliya, shirin biyan diyya ga waɗanda aka ci zarafinsu suna yara a cibiyoyi irin su makarantu, wanda ya fara aiki a 2018, yana biyan har dalar ƙasar 150,000, ko da yake hukumar binciken da ta ba da shawarar kafa shi 200,000 ta nema, kuma wanda ya karɓa ba zai sake kai cibiyar kotu kan wannan lamari ba. Sai dai ana haɗa masa da kulawar masana halayyar ɗan Adam, da damar cibiyar ta nemi gafararsa kai tsaye idan yana so. Sharaɗin yin shiru kuwa shi ne abin tsoro. Dokar ƙasar Ayalan ta 2002 kan irin wannan diyya ta haramta wa masu nema bayyana abin da ya gudana a gaban hukumar biyan, kuma da yawansu sun koka cewa an sake rufe musu baki ne kamar yadda aka yi musu suna yara. Kada ya sa hannu sai lauyan da ba na makarantar ba ya karanta masa takardar layi-layi.

Tsohuwar Malama ta amsa:

'Yata, kada jinkirinsa ya sa ku ji nauyi, domin hukumar binciken Ostireliya ta gano cewa a matsakaici wanda aka ci zarafinsa yana yaro yakan kai kusan shekara 24 kafin ya faɗa wa wani. Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da takardar ba ta amsa ba: ina waɗanda suka aikata, kuma har yanzu akwai yara a hannunsu? A Kanada an biya tsofaffin ɗaliban makarantun kwana na 'yan asalin ƙasar dala 10,000 kan shekarar farko da 3,000 kan kowace shekara bayanta, amma ba a tsaya nan ba; an saurari shaidar mutum fiye da 6,000, aka fitar da rahoto a 2015. Makarantar da ta ƙi amsa laifinta a rubuce ba ta tuba ba.

Uban Marayu ya amsa:

Hajiya, na yarda da ke, amma ina roƙon kada a ɗora wa bawan Allah nan nauyin gyara makarantar baki ɗaya. Shari'a tana cin shekaru, kuma lauyoyin ɗaya ɓangaren za su yi ta tona masa ciwon da tambayoyi. Idan ya zaɓi ya karɓa ya huta, haƙƙinsa ne, ba sadaka ba. Shawarata ita ce ya nemi a cire sharaɗin shirun, a kuma rubuta ƙarara cewa yarjejeniyar ba ta hana shi kai rahoto ga 'yan sanda ko yin magana da likitansa da iyalinsa ba.