Janye Tylenol a 1982: riƙon amana ne ko lissafin riba?

Ɗalibar Gudanarwa:
Assalamu alaikum. A darasinmu na shugabanci an kawo mana labarin kamfanin Johnson & Johnson, wanda a 1982 ya janye kwalabe kusan miliyan 31 na maganin Tylenol daga kasuwannin Amurka, bayan mutum 7 sun rasu a yankin Chicago saboda gubar da wani ya zuba a ƙwayoyin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shugaban kamfanin, James Burke, haƙƙin jama'a ya duba ko sunan hajarsa yake neman ceto?

Tsohon Akanta:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki lura cewa ba a masana'anta aka sa gubar ba, bayan maganin ya isa shaguna aka yi ta'asar, don haka kamfanin yana da hujjar cewa ba ruwansa, ya janye kayan Chicago kaɗai. Maimakon haka ya kwashe na ƙasar baki ɗaya, asarar ta kai kimanin dala miliyan 100. Tun 1943 suke da rubutacciyar aƙida da ta sa likitoci da marasa lafiya a gaba, masu hannun jari a ƙarshe, kuma Burke ya sha zaunar da manajojinsa a kanta tun kafin musibar, shi ya sa cikin mako guda aka yanke shawara.

Malamin Tattali:
Ban musanta ba, amma misalin bai gamsar da ni ba, domin cikin kusan shekara guda Tylenol ya dawo da kasuwarsa. Ko masanin tattalin arziki Milton Friedman, wanda ya rubuta a 1970 cewa nauyin kamfani shi ne ƙara riba cikin doka, zai iya amincewa da matakin, tunda gaskiya da riba sun bi hanya ɗaya.

Injiniya Mai Ritaya:
Malam, ai Burke bai san kasuwar za ta dawo ba ranar da ya ba da umarnin, masana talla da dama ma sun ɗauka sunan ya mutu. Ka kwatanta da Volkswagen, inda aka sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci miliyan 11, aka shafe shekaru ana sayar da su, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin a Satumban 2015, shugaban kamfanin Martin Winterkorn ya ajiye muƙaminsa cikin 'yan kwanaki. Su ma lissafin riba suka yi.