Hoton kafin aure a bakin ruwa ko kan dutse: wa ya taɓa zuwa, ya aka ƙare?

'Yar Kibiya:
Assalamu alaikum jama'a. An sa mana rana bayan ƙaramar Sallah in Allah ya kai mu, shi ne mutumin nawa ya dage wai sai mun yi hoton nan da ake bugawa a kalanda da jota, kuma shi ba ya son na situdiyo mai labule da fulawar roba, waje yake so, ko bakin ruwa ko kan dutse. Ni dai ban ƙi ba amma ban san ta inda zan ɓullo wa Baba da zancen ba, wurin ma ban san wanda ya dace ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ko ya raka wani ya ba mu labari, ba na ji-ta-ji-ta nake so ba.

Maman 'Yan Biyu, Bebeji:
Wa'alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Mu Tiga muka je tunda ga ta nan a hancinmu, amma a tsakiyar hunturu ne, kuma wallahi ranar hazo ya sauko sosai, ruwan da sararin sama duk suka zama fari fat, in kin ga hoton ba za ki ce akwai dam a bayanmu ba. Ga iska, mayafina in na gyara nan ya tashi can, leɓena ya bushe har jambakin ya tsage, ango kuma hularsa sai da yara suka bi ta da gudu. In bakin ruwa kike so ki bari sai ƙarshen damina ko farkon kaka, lokacin dam ya cika, ciyawa shar, sama garau.

Zancen Baba kuwa ni ban tunkare shi ba, Gwaggo na samu, ita ta shiga ta fito ta ce ya yarda amma da sharaɗin da ita za a je, da ƙanena. Da farko na ji haushi, daga baya ita ce ma ta sa tafiyar ta yi armashi, don muna isa ta tsaya ta yi shiru tana kallon ruwan, sai ta nuna can tsakiya ta ce wajejen nan garinsu na haihuwa yake kafin a tashe su lokacin da Audu Bako ya yi dam ɗin, a 1974 aka gama shi tana budurwa. Mai hoton ya ɗauke ta tana nunin ba ta ma sani ba. Yau wannan hoton nata shi ne a firem a falona, namu yana cikin waya.

Mai hoto daga Rano:
Anti ta faɗi gaskiya a kan hazo. Bari in ƙara daga ɓangarenmu na masu riƙe kyamara, don rabin matsalar da ake ɗora mana ba tamu ba ce, ta lokaci ce. Sai mu yi da mutane ƙarfe bakwai na safe, mai kwalliya ba za ta saki amarya ba sai sha ɗaya, a ɗaura ɗankwali a kwance a sake ɗaurawa, kafin a isa wurin rana ta take tsaka. To rana tsaka ba ta hoto. Inuwar hular ango za ta rufe masa ido, amarya tana ƙyafta ido tana gumi hoda tana zuba, farar shadda kuma ta riƙa ƙyalli har aikin wuyan ya ɓace. Ko dai hantsi kafin tara, ko kuma bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, shi ke nan lokacin da muke da shi.

Ni yawanci duwatsun Rurum nake kai mutane. Abu biyu nake gaya wa kowace amarya tun a waya, ta zo da silifas na roba ta hau da shi, takalmin mai tsini a riƙe mata a leda sai an tsaya za ta saka. Na biyu a rage turare. Akwai zuma a kogunan duwatsun nan, na taɓa ganin ango da babbar riga yana saukowa da gudu abokansa sun riga shi ƙasa, ba wanda ya tsaya ɗaukar amarya, ƙawarta ce ta lulluɓe ta da zani suka kwanta.

Kuma ba na taɓa fito da kyamara sai na je na gaida mai unguwa ko wani dattijo a gindin bishiya. Ba kuɗi suke nema ba, ko goro ka kai ko ka kai gaisuwa kawai, su dai a nuna an san da su. In ka yi haka shi da kansa zai haɗa ka da yaro ya nuna maka hanya ya kuma kore maka yaran da za su yi dafifi. In kuwa ka tashi diron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ka manta da sirri, har daga ƙauyen gaba za a zo kallo.

Baban Sadiya, manomi a Kadawa:
Yawwa malam mai hoto, Allah ya biya ka da wannan magana ta ƙarshe. Ni ba ango ba ne, na aurar da 'ya'ya ma, amma abin ya shafe ni. Alkama nake yi da rani da ruwan da ke zuwa mana ta kanal daga Tiga ɗin nan da kuke zance. Muna shukawa a Nuwamba, zuwa Janairu ta yi kore shar ko'ina ƙasa ta bushe sai wurinmu, to lokacin ne 'yan birni suke faka mota a bakin titi su shigo. Wata rana na zo ban ruwa na tarar da mutane sun fi goma a tsakiyar fangali, an shimfiɗa darduma a kan alkamar, har da kujera aka shigo da ita. Na yi sallama wani yaro ya ce mini Baba ɗan matsa kana shiga hoto. A gonata!

Ni ban hana ba. Wasu sun zo bara suka yi sallama suka tambaya, na nuna musu kunyar da za su bi su tsaya ba tare da sun taka komai ba, har tumatir na tsinko wa amaryar. Taki kun san kuɗinsa yanzu, ku daina ganin kore ku ɗauka ba mai shi.

Malamin Islamiyya, Garko:
'Yata ta Kibiya, Allah ya yi albarka. Ni tambayata ɗaya, me zai hana a bari sai an ɗaura? Baiko ba aure ba ne, sa rana ma ba aure ba ne, har yanzu shi ba muharraminki ba ne, kuma mun san yadda masu hoto suke cewa matso, dafa kafaɗarta, kalli idonsa. Ni ƙanena da ya dage, sai muka yi shawara da waliyyin yarinyar aka ɗaura aure ranar Juma'a, aka bar biki da tarewa sai bayan mako biyu, a tsakanin suka je Dam ɗin Challawa a Ƙaraye suka yi hotonsu da matarsa ta sunna, kalandar ma ta fito kafin ranar kamu. Ba wanda ya yi gunaguni.

Mai hoto daga Rano:
Allah gafarta Malam ba dukanmu ba ne muke cewa a dafa. Ni in ba a ɗaura ba tazara nake bari, ita a zaune kan dutse shi a tsaye daga baya, kuma hoton ya fi kyau ma don ana ganin wurin. Amma shawarar ɗaurawa kafin nan tana da kyau, na yi wa mutane da yawa haka kuma sun fi sakin jiki.

Wata 'yar uwa, a sakaya sunana:
Ki saurari Malam. Ni na yi nawa wata biyu kafin biki, a Wawan Rafi ta Kazaure, hotuna masu kyau wallahi har yau ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Aka buga kalanda, aka buga sitika aka manna a bokitai da kofuna na rabo, ƙawaye suka saka a sitatus, shi ma mai hoton ya ɗora a shafinsa na Instagram yana talla. Saura kwana kaɗan magana ta lalace tsakanin manya a kan abin da ba ma laifinmu ba, aka mayar da lefe. Kalanda mun ƙona, bokitai Inna ta zauna da ruwan zafi tana ɓanɓare sitika ɗaya bayan ɗaya. Amma na waya fa? Bayan shekara da wani ya fito neman aurena, ƙanwarsa ce ta tura masa hoton. Allah ya sa mutumin kirki ne, yanzu ina ɗakinsa. Ko za ki yi, ki ce wa mai hoto a gaban shaida kar ya ɗora ko ɗaya, kuma kar ki tura wa ƙawa ko da kuwa aminiya ce sai ranar ɗaurin aure.

'Yar Kibiya:
Innalillahi, Anti jikina ya yi sanyi. Na gode da ba ki ɓoye ba. Zan kai wa Yaya babba zancen ɗaurawa da wuri in ji me zai ce. A ci gaba da kawo wurare don Allah, musamman mutanen Jigawa na ji ku shiru.

Ɗan Kiyawa:
Ga mu nan ƙanwata, ai mu ne masu duwatsun, sunan babban birninmu ma ya isa shaida. Ni a Dutse na yi nawa cikin itatuwan dabino da yamma, duwatsu a baya, kuma ba mu kashe komai ba sai man mashin da kuɗin mai hoto. Abokina shi kuma Birnin Kudu ya zaɓa, wajen Dutsen Habude inda zanen shanun nan na mutanen da yake a jikin dutse, na raka shi. Wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa don haka ba a faɗa masa kai tsaye, sai da muka nemi mai kula da wurin ya shiga da mu, ya ce kar a taɓa zanen kar a jingina. Gaskiya zanen bai fito sosai a hoton ba don ya dushe kuma yana cikin inuwa, amma duwatsun da kansu sun isa. Ki dai kula da ƙarangiya in kaka ce, leshin amaryar sai da ƙawaye suka zauna tsince shi a mota har muka iso gida.

Anti Nas, Haɗeja:
Mu Baturiya muka je ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, saboda maigidan ya ga hoton tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi ya ce lallai sai su fito a bayanmu. Hmm. Tsuntsu dai ba ya jiran mai hoto, muna matsowa suka tashi gaba ɗaya, abin da ya rage sai ciyawar kachala da taɓo, ga nisa ga hanya, muka dawo da gefen lafaya baƙi ƙirin. Wurin yana da kyau a ido amma na masu haƙuri ne da babbar kyamara, ba na amarya da kwalliya ba.

Abin da ya sa ma na yi magana shi ne kwale-kwale. Mai hoton ya so mu shiga a tura mu tsakiya mu tsaya a tsaye, na ce Allah ya kiyaye, ban iya ruwa ba shi ma bai iya ba, ba rigar kariya ko ɗaya. Tun abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, ni ba na wasa da ruwa. Sai masuncin ya jawo kwale-kwalen gaɓa ya ɗaure, muka zauna a ciki rabinsa a kan yashi, mai hoto ya durƙusa ya ɗauka ta ƙasa. Duk wanda ya gani cewa yake tsakiyar ruwa ne.

Direban Tudun Wada:
Ni haya nake yi, na sha kai 'yan hoto. Masu ce mini Riruwai nake tausayi, sun ga duwatsu da ruwa mai gangarowa da tsofaffin ramukan kuza a waya, ba su san sai an ratsa dajin Falgore ba. Wurin ya haɗu ba ƙarya, amma ni sharaɗina mu fita da asuba mu juyo kafin la'asar, kuma sai na kira mutanena na can na ji lafiyar hanya a ranar. Ka ga kenan hasken yamman da mai hoto yake so ba za a samu ba. In ango ya ce sai magariba, in ce ya nemi wata motar.

Maman Walid, Gagarawa:
Ni fa duk wannan wahalar ban yi ta ba. Bayan gidanmu aka yi namu, lokacin zoɓo ya nuna gonar Kawu ta yi ja wur, ga kuka babba a gefe ga rumbuna an jera damman gero. Na sa atamfa shi ya sa shadda ruwan toka, Inna tana leƙe ta kan danga tana cewa a gyara mayafi, Baba ma da ya dawo daga masallaci ya tsaya aka ɗauke mu tare. Da na tura wa 'yar ajinmu da ke aure a Kano tambayata ta yi wai wane wurin shaƙatawa ne wannan, nawa ake biya a shiga. Na ce mata ta zo kaka mai zuwa Kawu zai ba ta kwano ta taya mu tsinka.

Ɗan Kiyawa:
Hhhh Maman Walid a sa ni a layi, ƙanena ne zai yi aure baɗi. Malam mai hoto kana zuwa har Gagarawa ko sai dai mu nemi na Gumel?

Mai hoto daga Rano:
Ina zuwa in za a biya kuɗin mota, amma ku nemi na kusa ya fi muku sauƙi, ku dai duba aikinsa na waje ba na situdiyo ba kafin ku ba da kafin alƙalami. Kuma ku tambayi Kawun ranar da za a fara tsinka, ku riga ta da kwana biyu ko uku.