Tramol da rana, maganin barci da dare: ƙanena ya tsorata ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne nan Damagaram, tun safe yana bisa moto har bayan isha'i, tramol yake sha wai don gajiya, to sai ya zamana ba ya iya barci, abokansa suka ba shi diazepam yake haɗawa da dare. Shekaranjiya da asuba Inna ta je tashinsa sai wani irin munshari yake yana tsayawa yana dawowa, leɓensa ya yi baƙi, mun fi minti 10 muna jijjiga shi kafin ya buɗe ido. Shi cewa yake gajiya ce kawai. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Wani ma'aikacin lafiya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wannan ba gajiya ba ce, numfashinsa ne ya kusa tsayawa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke tura mutum ya ja numfashi ko yana barci, da iskar da ya kamata a fitar ta taru a jini sai ya zaburar da shi. Tramol dangin kodin da mofin ne, suna dakushe wurin nan ya daina jin taruwar iskar. Diazepam kuma hanyarsa daban, yana ƙara wa sinadarin GABA ƙarfi, shi ne birkin ƙwaƙwalwa, sai jiki ya saki, maƙogwaro ya saki, mutum ya kasa farkawa ko da yana shaƙewa. Shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani kan haɗa su. Lafiyayyen babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, in kin ƙirga ya yi ƙasa da 10 ko bai tashi ba, ki kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti, akwai allurar naloxone amma tramol ɗin kaɗai take karyawa, ba diazepam ba.

Wata uwa daga Birni: 'Yata kar ku ɗura masa madara ko ruwan tsamiya yana cikin halin nan, huhu zai wuce. Allah ya shirya mana su.

Wani ɗan uwa: Yaya kar a ƙwace masa lokaci guda, diazepam in jiki ya saba aka yanke rana ɗaya yana kawo farfaɗiya. Likita ne zai rage masa kaɗan kaɗan.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na kira Kawu, shi yake jin maganarsa, gobe da safe za su je asibiti tare, yau kuma ni zan kwana ɗakin Inna kusa da nasa.