Wace kalma za mu ba tafiyar ƙafa a gandun daji?

Duk wanda ya taɓa zama domin mayar da bayanin wani gandun daji zuwa Hausa zai ci karo da kalmar Ingilishi "hiking", wadda ke nufin mutum ya ɗauki ƙafa da gangan ya bi hanyar da aka shata a cikin itatuwa, ko a bakin ruwa, ko a kan tudu, alhali babu garin da yake son isa, tafiyar ce kanta abin nema. Ina roƙon masu sha'awar harshe mu tsayar da magana a kanta, domin a halin yanzu kowane mai fassara da tasa kalmar, mai karatu kuwa shi ke kwana a ciki.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce yawo, kuma ita na fara ajiyewa gefe. Yawo tafiya ce marar alƙibla, shi ya sa muke cewa yawon banza ko yawon duniya, kuma babu wanda ke jin daɗi a kira shi mayawaci. Wanda ya shiga gandun daji kuwa ya san inda zai fara da inda zai ƙare, ya duba taswira, ya ɗaure takalmi, ya ɗauki ruwan sha. Yawon buɗe ido ya yi faɗi da yawa, tun da ana yin sa a mota ko a jirgi. Shan iska ya yi gajarta, domin a ƙofar gida ma ana sha. Hawan dutse kuma, wanda nake yawan gani a wasu fassarori, kuskure ne idan ana maganar shimfiɗaɗɗiyar hanya mai kewaya tafki, inda ko tudun kirki babu.

Abin da nake ba da shawara shi ne tattakin daji. Idan Bahaushe ya ce wane ya yi tattaki ya zo, yana nufin mutumin ya tako da ƙafarsa, da niyya, ya kuma ɗauki ɗawainiyar da ba a tilasta masa ba. Waɗannan abubuwa uku, wato ƙafa da niyya da zaɓin kai, su ne ainihin ma'anar da muke nema. Ƙarin kalmar daji kuma shi ke raba shi da tattakin nuna goyon baya ko na neman haƙƙi, wanda ake yi a kan titi. Ba mu muka fara bin wannan salo ba: mutanen Ostareliya suna cewa "bushwalking", wato tafiyar daji, kuma ba su jira an ara musu suna daga Ingila ko Amurka ba.

Na san ƙorafin da za a kawo, kuma yana da ƙarfi. Za a ce tattaki yana ɗauke da nauyin wahala da nisa, saboda haka ya dace da hanyar tsaunukan Afalashiya ta Amurka, wadda aka kammala a 1937, mai tsawon kusan kilomita 3,500 da ta ratsa jihohi 14, amma ya yi wa zagayen kilomita 3 na bakin tafki girma. Amsata ita ce sauƙi ko wuya sifar hanyar ce, sunan aikin ɗaya ne. Ƙungiyar masu hawan tsauni ta Suwizalan ta kasa hanyoyi mataki shida, daga T1 da kowa zai bi da takalmi mai sauƙi, zuwa T6 da sai gwani, kuma duk a ƙarƙashin ma'auni ɗaya suke. Haka ma ƙa'idar da William Naismith na Sikotlan ya fitar a 1892, cewa a lissafa awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600, tana aiki ga gajeriyar hanya da doguwa. Mu ma sai mu ce sassauƙan tattaki, matsakaici, ko mai wuya. Mai yin sa kuma a bar shi a mai tattaki, jam'i masu tattaki. Ban ga amfanin ƙirƙiro matattaki ba, domin kunne zai karkata ga matattakala.

Sai hanyar kanta, wadda masu Ingilishi suke kira "trail". A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan. Gwadabe ya yi faɗi, burtali na dabbobi ne tsakanin gonaki, tafarki kuwa ya fi zama a maganar aƙida da ɗabi'a. Turba ce daidai, siririyar hanyar da ƙafa ta fitar, wadda mutum biyu ba sa jerawa a kanta sai sun matsu. A gandun da ake kula da shi za ka ga an shafa ɗan fenti a jikin itace ko dutse a duk inda turbar ta rabu biyu, kamar ja da fari da ake sa wa dogayen turbobin Faransa. Waɗannan alamun turba ne, ba sai an yi musu dogon suna ba.

Game da ruwan da irin wannan turba ke kewayawa, tafki nake so a riƙa rubutawa, a bar kududdufi, domin kududdufi ramin da aka haƙi ƙasa ne ruwa ya taru a ciki, kuma sunan ba ya kawo wa zuciya wurin da bado ke shimfiɗa ganye, talibambam na motsi a gefe, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi. Inda ƙasa ke da laka a kan jera katako a ɗaga shi sama kaɗan, domin kada sawu ya tattake ciyawar bakin ruwa da wuraren da kwaɗi ke saka ƙwai. Wannan gadar katako ce, ko da ba rafi ta haye ba. Gandun daji kuwa ya riga ya zauna a bakin jama'a, babu dalilin taɓa shi.

Gwajin kowace sabuwar kalma shi ne a sa ta a jimla a ji ko harshe zai yi tuntuɓe. Ga yadda allon bakin gandu zai iya kasancewa: "Turbar tafki, sassauƙan tattakin daji na kilomita 3 mai dawowa inda aka fara. Ana roƙon masu tattaki su bi alamun turba, kada su sauka daga gadar katako." Wanda ya ji wani wuri ya tsaya masa a maƙogwaro, ya kawo tasa jimlar mu gwada su tare.