Wace ce Sabitri Chatterjee, matar da ta fito a Nishi Padma?

Ummu_Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina masana fim ɗin Indiya. Ni dai tun ina yarinya nake son Amar Prem na Rajesh Khanna da Sharmila Tagore, sai kwanan nan na ji wai maimaici ne, asalinsa na yaren Bangali ne sunansa Nishi Padma (1970), na nemo na kalla duk da ba na jin yaren, wallahi matar da ta fito a Pushpa ta sa ni hawaye, musamman inda take ba yaron nan na maƙwabta abinci tana kallonsa kamar ita ta haife shi alhali kishiyar uwarsa ko ruwa ba ta damu ya sha ba. Sabitri Chatterjee sunanta. To me ya sa ban taɓa jin ta ba?

Malam_Dattijo:
Wa'alaikumussalam 'yata. Ai ba laifinki ba ne, finafinan Hindi na Bombay ne suka iso mana, na Kalkata kuwa sai wanda ya bibiya. An haife ta a 1937 a Kumilla, yanzu yana cikin Bangaladash, tana da shekara goma aka raba Indiya a 1947, shi ya sa ta tashi a Kalkata cikin 'yan gudun hijira da talauci. Kuma ikon Allah abin da ya koro su shi ya buɗe mata ƙofa, domin wasan dandali na Natun Ihudi labarin 'yan gudun hijira ne daga gabashin Bengal, ana neman masu karin harshen can, ita kuwa da shi ta buɗe baki. Fim ɗin da ya fara fito da sunanta shi ne Pasher Bari a 1952.

Ummu_Ilham:
Allah sarki! Na gode Baba, ashe wahalar da ke fuskarta ba koyo ta yi ba.

Sadiq_Kallo:
Anti ni abin da ya fi burge ni Shyamali ne, wasan dandalin da suka yi da babban jarumin finafinan Bangali Uttam Kumar a Star Theatre na Kalkata daga 1953, kurma bebiya ta fito, ki duba fa, a dandali babu kamara da za ta matso kusa da fuska babu a yanke a sake, na kujerar ƙarshe ma dole ya gane abin da ke ranki kuma ba ki da bakin magana, haka ta yi ta yi dare ɗaruruwa. Amma da aka zo mayar da shi fim a 1956 sai aka ba Kaberi Bose matsayin, har yau abin na min ciwo.

Hajiya_Babba:
Ɗana Sadiq ka faɗi gaskiya. Kuma ni a ganina abu biyu ne suka danne ta, in an ce Uttam Kumar kowa jaruma Suchitra Sen yake tunawa, sannan ita Sabitri ta iya barkwanci sosai, mutane kuma ba sa ɗaukar mai ba su dariya da daraja ko da ta fi kowa iya aiki. Ummu ki nemi Dhanyee Meye (1971), akwai Jaya Bhaduri a ciki tana ƙarama kafin ta auri Amitabh, sai kuma Mouchak, za ki rantse ba ita ce ta sa ki kuka ba.

Malam_Dattijo:
Hajiya a can gida dai ba su manta da ita ba, gwamnatin Bengal ta Yamma ta ba ta lambar yabo ta Banga Bibhushan, ta Indiya ta ba ta ta Padma Shri a 2014, kuma da tsufanta ba ta ajiye aiki ba, ta yi wasannin talabijin, a 2016 ma ta fito a Praktan tare da Soumitra Chatterjee.

Ummu_Ilham:
To da Dhanyee Meye zan fara yau da daddare in yara sun yi barci. Wanda ya san inda ake samun mai rubutun fassara a ƙasa ya taimaka min dan Allah.