Neman shawara: girki 63 na rubuta, ba mai leƙowa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, abin ne ya ishe ni. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan ina rubuta girke-girken gargajiya a intanet. Asalin abin, kakata ce ta rene ni a Zariya, Inna muke ce mata. Ita ta koya min dambun nama da alkaki da nakiya. Har daga Tudun Wada ake zuwa wajenta in za a kai gara. Da Allah ya yi mata rasuwa sai na ga duk abin da ta sani zai bi ta, shi ya sa na ɗauki biro. Ƙanin maigidana ne ya buɗe min shafin, yanzu ya tafi bautar ƙasa, ko waya ba ya ɗauka. Sai yara sun yi barci nake zama. Wani girkin sau biyu nake yi don in tabbatar da awon, kun dai san kuɗin nama yanzu. Taken kowane rubutu iri ɗaya ne, "Daga Madafar Inna: Kashi na 1", haka har na 63. Amma masu shigowa a rana ba sa wuce bakwai, kuma ina zargin uku daga ciki ni ce. Wata ƙawata ta ce taken ne matsalar. Ga azumi ya matso. Don Allah ya zan yi?

Bala Mai Labarai: Wa'alaikumus salam. Hajiya, ƙawarki ta gaya miki gaskiya. Shekara tara ina harkar nan, babu abin da ban gani ba. Bahaushe ba ya latsa abu sai ka tayar masa da tsikar jiki. Ki sa "Tirƙashi! Abin da wata tsohuwa take zubawa a dambun nama zai ba ki mamaki." Kwana uku kawai, ki dawo ki ba ni labari.

Anti Hauwa: Allah ya jiƙan Inna. Ni dai irin wannan taken ne ya sa na daina bin shafuka da yawa. Rannan na ga "Innalillahi, yanzu-yanzu" da hoton wani dattijo, gabana ya faɗi, na latsa, ashe wayarsa aka sace. Ku ji tsoron Allah mana.

Bala Mai Labarai: To ai kin latsa, Anti. Magana ta ƙare.

Injiniya Sabo: Maman Ilham, daga ina bakwai ɗin suke shigowa, Google ko Facebook? Ba ki faɗa ba, kuma maganin kowanne daban. In Google kike so, ki tuna da 'yar talla. Ba ta cewa "ga na gidanmu", cewa take "a sayi dafaffiyar gyaɗa". Babu matar da za ta ɗauki waya ta rubuta "kashi na 41". Abin da take rubutawa shi ne "yadda ake dambun nama". Ki gwada da kanki: buɗe Google, rubuta "yadda ake" ki tsaya, zai jero miki irin abin da mutane suke nema. Da waɗannan kalmomin za ki fara take. Kuma kada ya yi tsawo, Google yana datse shi in ya wuce harafi 60 ko kusa da haka. Akwai Search Console na Google, kyauta ne, yana nuna kalmar da aka nema aka ga shafinki da kuma sau nawa aka latsa. Shi kuma taken Malam Bala, tun 2014 Facebook ya fara rage tafiyar irinsa, ya ƙara matsawa a 2016 kan take mai ɓoye abin da ke ciki ko mai zuzutawa.

Maman Ilham: Na gode Injiniya. Ban san daga ina suke shigowa ba, lamba kawai nake gani. Amma sunan Inna fa ba zan cire ba. Dominta na fara. Kuma ni a ganina lambar tana taimakawa, mutum zai san akwai na baya ya je ya nema.

Bala Mai Labarai: Injiniya, wannan duk karatun takarda ne. Na'urar Facebook ta san "tirƙashi"? Turanci suka fi kamawa. Mu da muke cikin ruwa mu muka san zurfinsa. Google ɗin da kake yabo, tun 2021 ba shi da kansa yake canza wa mutane take ba? Ka wahala ka tsara, ya sa abin da ya ga dama. Hajiya, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take.

Injiniya Sabo: Yana canzawa, amma ya fi taɓa wanda ya yi tsawo ko wanda bai faɗi abin da ke ciki ba. Irin naka ke nan, da irin nata.

Ummu Sadiq: Ni matsalata ma ta fi wannan. Na rubuta yadda ake funkaso, da hoton da na ɗauka a kan tiren gidana mai tsagar nan a gefe. Bayan sati na gan shi a shafuka huɗu, har da tsagar, an goge sunana. Na yi wa ɗaya magana ya ce ai ilimi na kowa ne. Ki gyara take ki yi suna, su kwashe. Allah ya isa dai.

Ɗan Bauchi: A ƙara da wannan: abin da Kanawa suke ce wa waina, mu masa muke cewa. In kika sa ɗaya kin rasa rabin mutane. Ki sa duka biyun. Kuma yawancinmu ba ma saka ƙugiya a waya, "kunun gyada" muke rubutawa, ba "kunun gyaɗa" ba.

Malama Binta: A'a, ban yarda a zubar da ƙugiya don Google ba. Haka aka lalata mana rubutu, yara sun kasa bambanta ƙasa da kasa, ɗaki da daki. Shekara 22 ina koyar da Hausa a sakandare, in kun ga takardun jarrabawa sai kun yi kuka.

Injiniya Sabo: Maman Ilham, ba wanda ya ce ki cire Inna. Ki mayar da ita ƙarshe: "Yadda ake dambun nama na gargajiya | Madafar Inna". Bai ma kai 60 ba. Ki fara da guda goma da aka fi nema da azumi, su kunun gyaɗa da ƙosai, ki bar adireshin kowane rubutu yadda yake, taken kawai za ki taɓa.

Maman Ilham: Hmm. "Yadda ake" ɗin nan kowa shi yake sawa, sai in zama kamar kowa. Kuma Inna a ƙarshe, bayan sanda, kamar wata rakiya. Ƙosai ma ban rubuta ba, ita ba ta yin na sayarwa. Anya ba hotunan ne ba su da kyau ba? Da fitilar waya nake ɗauka.

Bala Mai Labarai: Hajiya, biyo ni ta akwatin saƙo in tsara miki take guda biyar. Na farko kyauta.

Anti Hauwa: Maman Ilham, kashi na nawa ne alkakin? Bikin ƙanwata saura sati uku.

Maman Ilham: Ina jin na 17 ne, ko na 27. Bari a kawo wuta in duba miki.